Wienhausen: Gidan Zuhudun da Mata Suka Hana Shi Mutuwa Shekara Kusan 800

A arewacin Jamus, kimanin kilomita 10 daga birnin Celle, akwai wani ɗan gari a bakin kogin Aller mai suna Wienhausen. Mutanensa wajen 4,000 ne. Yawancin kwanakin shekara garin shiru yake, sai ƙarar ruwa a gindin tsohon injin niƙa da kukan tsuntsaye a kan manyan itatuwa. Amma duk shekara, daga Juma'ar da ta biyo bayan bikin Fentikos na Kiristoci, sai motocin baƙi su cika bakin hanya.

Abin da ke kawo su yana bayan wata doguwar katanga ta jan bulo. Can ciki wasu dattawan mata ne ke tarbar su, su wuce da su ta dogayen baranda masu sanyi, su tsaya da su gaban wasu manyan dardumai na bango da aka ɗinka da allura shekara 600 zuwa 700 da suka wuce. Launin ja da shuɗi da kore na zaren ulun har yau bai mutu ba. Mazauna wurin suna kiran wannan lokaci Makon Darduma.

Waɗannan dattawan ba ma'aikatan gidan tarihi ba ne da ke tashi aiki da yamma su koma gidajensu. Nan ne gidansu. A nan suke kwana, a nan suke ibada, kamar yadda mata suka yi ta yi a wannan wuri tun kusan shekarar 1230 ba tare da an taɓa kulle ƙofa an watse ba. A Jamus ta yau, wannan ba ƙaramin abin mamaki ba ne.

Ƙofofin da ake ta rufewa

Gidan zuhudu wuri ne da Kiristoci maza ko mata ke keɓe kansu, su haƙura da aure da mallakar dukiya, su ƙare rayuwarsu cikin addu'a da aiki a ƙarƙashin shugaba guda. Ƙarnoni da dama irin waɗannan gidaje ne ke riƙe da makarantu da asibitoci da ɗakunan littattafai a Turai.

Yanzu kam ruwa na neman ƙare wa ɗan kada. A shekarun 1960 matan Katolika masu zuhudu a Jamus sun haura 90,000. A yau ba su fi wajen 10,000 ba, kuma kusan takwas cikin kowane goma sun wuce shekara 65 da haihuwa. Tsofaffi na mutuwa, 'yan mata ba sa shigowa. Ita kanta coci tana asarar mabiya: a shekarar 2022 kaɗai sama da mutum rabin miliyan suka cire sunansu daga cocin Katolika, kuma a wannan tsakanin ne aka wayi gari mabiyan manyan coci-coci biyu na ƙasar, Katolika da Furotesta, ba su kai rabin al'ummar Jamus ba.

Sakamakon a bayyane yake. Ana ta sayar da tsoffin gidajen zuhudu, wasu a mai da su otal, wasu gidajen haya, wasu a bar su ga jemagu. A garin Altomünster da ke jihar Bavariya, fadar Fafaroma ta ba da umarnin rufe wani gida da ya shekara 500 yana hannun mata masu zuhudu, bayan da aka zo saura mace ɗaya tak da ta cika alwashi. A farkon 2017 ta fita, dukiyar gidan da tsoffin littattafansa suka koma hannun hukumar coci ta Munik.

To, me ya sa Wienhausen bai bi sahu ba? Amsar tana cikin tarihinsa, domin sau biyu ana zuwa da ƙarfin sarauta a juya shi, matan ciki kuma suna ƙin tashi.

Gimbiyar da ta aza harsashi

Wadda ta kafa gidan ita ce Agnes ta Landsberg, matar Heinrich, ɗan shahararren basaraken nan da Jamusawa ke yi wa laƙabi da Heinrich Zaki. Mijinta ya rasu a 1227, ita kuwa ta juya dukiyarta da sauran kwanakinta ga aikin addini. A Wienhausen ma aka binne ta, kuma har yau akwai mutum-mutuminta na dutse a gidan, riƙe da siffar coci a hannu.

Littafin tarihin da matan gidan suka rubuta da kansu ya ce da farko an kafa shi ne a wani wuri da ake kira Nienhagen. Wurin fadama ne, sauro da danshi suka hana su sakat, sai bayan wasu shekaru suka tattara suka dawo Wienhausen, inda da ma akwai tsohuwar cocin gari. A 1233 Bishop Konrad na Hildesheim ya ba da takardar amincewa da gidan.

Matan sun ɗauki ƙa'idar ɗariƙar Sistasiyan, wadda ta samo asali a Cîteaux ta ƙasar Faransa a 1098. Ƙa'ida ce mai tsanani: shiru, sauƙin abinci, aikin hannu, da taruwa sau bakwai da rana, sau ɗaya cikin dare, don rera Zabura da harshen Latin.

Ba 'ya'yan talakawa ne suka cika gidan ba. 'Ya'yan sarakuna ne da na masu ƙasa, daga baya kuma da na attajiran birane. Ga basaraken wancan zamani, ajiye 'ya a gidan zuhudu riba biyu ce. Ya samu mai yi wa zuriyarsa addu'a, rayayyu da matattu, ya kuma huta da raba gado gida-gida.

Gishiri, gonaki da akwatuna

Addu'a ba ta hana jin yunwa, don haka gidan na buƙatar abin shiga. Iyaye da masu sarauta sun yi ta ba shi gonaki da dazuzzuka da haƙƙin karɓar wani kaso na amfanin gona daga manoma. Wani limami namiji ne ke zaune a wajen katanga yana kula da wannan dukiya, shi ke hulɗa da duniya a madadin matan.

Babbar taskar yankin kuwa gishiri ce. A birnin Lüneburg akwai rijiyar ruwan gishiri da ake ɗebowa a dafa a manyan kasake na dalma dare da rana. Daga nan fatake ke kai shi tashar Lübeck, a yi amfani da shi wajen adana kifin tekun Baltik da Turawa ke ci lokacin azumi. Gidajen zuhudun yankin sun mallaki kaso a waɗannan kasake, kuɗin da ke fitowa kuma shi ya taimaka wajen tsayar da gine-ginen bulon da ake gani yau.

Akwai wata baranda a Wienhausen da aka jera manyan akwatunan katako da kabad-kabad a cikinta, wasu da maɗaurin ƙarfe, wasu da sassaƙa a gaba. Masana sun ƙirga zoben shekaru da ke jikin katakon, suka gano wasunsu tun ƙarni na 13 aka sare itacensu. Kowace yarinya da akwatinta take shigowa, cike da tufafi da zannuwan gado da 'yan kayan amfani, kusan yadda ake kai amarya da kayan ɗakinta. A wurinsu ma auren ne, domin a aƙidarsu mai zuhudu amaryar Almasihu ce, har da zobe da kambi a ranar keɓe ta. Bambancin kawai, akwatin da ya shiga ba ya sake fita. Shi ya sa gidan ya tara tsoffin kayan katako irin waɗanda da wuya a same su jere haka a wani wuri.

Rayuwa a bayan katanga

Wasu yaran tun suna 'yan shekara biyar zuwa bakwai ake kawo su. Sukan yi shekaru a makarantar gidan suna koyon Latin da rubutu da waƙar ibada da ɗinki kafin su ɗauki alwashi. A zamanin da yawancin maza, har da masu sarauta, ba su iya rubuta wasiƙa ba, waɗannan matan na karanta littattafan tauhidi. Aikin ƙarfi irin su girki da wanki da kiwo kuwa yana wuyan wasu mata na daban, 'ya'yan manoma, masu ƙaramin matsayi a gidan. Katanga ba ta hana bambancin ɗan sarki da talaka shiga ba.

Zuciyar gidan ita ce ɗakin ibadar matan da aka gina wajen 1330, a bene, manne da cocin gari, yadda za su yi sujada ba tare da jama'a sun gan su ba. Wanda ya shiga sai ya ɗaga kai. Babu tafin hannu guda na bango ko rufi da aka bari babu zane. A ƙasa labarin halittar duniya da na mutanen farko, a sama tarihin waliyyan da aka kashe saboda imani, a rufi kuma rayuwar Yesu cikin da'irori, da siffar Ƙudus ta sama. An yi zanen wajen 1335. Littafin tarihin gidan ya ce a 1488 wasu mata uku na gidan, dukkansu masu suna Gertrud, suka sabunta shi. An sake taɓa shi sosai a ƙarni na 19.

Gefe da gefe kujerun katako ne a jere, kowace mace da tata. A kansu suke zama su tashi sau takwas a yini, cikin sanyin hunturun arewacin Jamus, babu wuta a ɗakin. Gidan ya kuma bar wani littafin waƙoƙi na wajen 1470 mai ɗauke da waƙa kusan 60, wasu da Latin, wasu da Jamusancin arewa da ake magana da shi a kasuwa, wasu kuma an gauraya harsunan biyu baiti-baiti.

Labarin masoya a gidan masu zuhudu

Dardumai tara manya ne suka fi fitar da sunan Wienhausen. Ba saƙa ba ce. Ƙyallen lilin ake shimfiɗawa a zana hoto a kai, sannan mata su zauna su rufe shi kaf da zaren ulu mai launi, ɗinki bayan ɗinki, har ba a ganin ƙyallen. Wasu sun kai mita huɗu a faɗi. Aiki ne na hannaye da yawa da watanni masu yawa.

Wasu na ba da labarin annabawa da waliyyai, kamar Toma da Alisabatu da Hannatu, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ke sa baƙi ɗaga gira shi ne uku daga ciki labarin Tristan suke bayarwa. Tristan jarumi ne da kawunsa, Sarki Mark, ya aika ya ɗauko masa amarya, gimbiya Isolde, daga ƙasar Ayalan. A cikin jirgin ruwa su biyun suka sha wani haɗin soyayya da aka tanada don ango da amarya, daga nan zance ya lalace.

A darduma mafi tsufa, ta farkon ƙarni na 14, ana ganin hotunan jere layi-layi. Ga Tristan a kan doki, ga shi yana fafatawa da dodo, ga jirgi da filafilansa, a tsakanin layukan kuma rubutu da Jamusancin arewa da tambarin gidajen sarauta. Me ya kai labarin cin amanar aure hannun matan da suka yi alwashin tsarki? Wasu masana na ganin masu sarauta ne suka ba da aikin. Wasu na cewa labarin da matan suka tashi da shi ne a gidajen iyayensu, kuma an fi ba jarumtaka ƙarfi a zanen fiye da abin kunyar. Ko ma wanne ne, ya nuna cewa duniya na leƙowa ta saman katanga.

Ranar da aka ɗora shugaba a keken doki

Wannan leƙen ne ya jawo musu guguwa ta farko. Zuwa ƙarni na 15, matan gidajen zuhudu da yawa a Jamus sun sassauta. Kowace na da 'yan kuɗinta, da tukunyarta, da kayan adonta, dangi kuma na shiga suna fita.

Sai ga wani malamin coci mai suna Johannes Busch daga Hildesheim, wanda ya sha alwashin mai da gidajen kan tsohuwar ƙa'ida. A 1469 ya iso Wienhausen da goyon bayan Otto, basaraken ƙasar Lüneburg. Shugabar gidan a lokacin ita ce Katharina ta Hoya, 'yar babban gida, tsohuwa da ta shafe shekara sama da 40 tana riƙe da ragama. Ita ce ta sa aka yi wani babban akwatin katako mai ado da zinariya, siffar kabarin Yesu, wanda aka keɓe a 1448, yana nan har yau a ɗakin ibada.

Katharina ta ce ba ta san zancen ba. Basarake bai tsaya jayayya ba, ya sa aka ɗora ta a keken doki aka kai ta wani gidan zuhudu a Derneburg. Daga can aka kawo sabuwar shugaba, Susanne Potstock. Aka tattara kuɗi da kwanuka da kayan kowa aka mai da su na gida, aka koma cin abinci a teburi ɗaya, aka tsananta kulle.

Abin lura shi ne, 'yan shekaru bayan wannan tilas, matan sun rungumi sabon tsarin har ya zama nasu. Karatun Latin ya ƙaru, rubutu ya bunƙasa. Waɗanda aka horar a wannan zamani su ne suka tari guguwa ta biyu.

Da Luther ya zo

A 1517 Martin Luther ya ta da muhawarar da ta raba cocin Yammacin Turai gida biyu. Cikin abin da ya koyar har da cewa alwashin zuhudu ba ya ƙara wa mutum matsayi a wurin Allah, aure da aikin gida ma ibada ne. Shi kansa wata mai zuhudu ya aura, Katharina von Bora, wadda ta gudu daga gidansu a 1523. Ɗariƙarsa ce a Najeriya aka fi sani a Numan da kewayenta a jihar Adamawa.

Basaraken Lüneburg na lokacin, Ernst, ya yi karatu a Wittenberg, garin Luther, kuma daga 1527 ya mai da ƙasarsa kan sabuwar koyarwa. Ban da aƙida, akwai bashi da ya yi wa masarautarsa katutu, ga kuma gonakin gidajen zuhudu shimfiɗe a gabansa.

Ya fara da gida. Ƙanwarsa Apollonia tun tana ƙarama take Wienhausen. Aka yi mata dabara aka kira ta waje, aka hana ta komawa. Sannan ya tura masu wa'azin Luther gidajen, ya kori limaman da ke kula da dukiya, ya karɓe gonakin da ke hannunsu.

Ya zaci matan za su yi murna da an buɗe musu ƙofa. Sai suka yi kememe. A gidan Medingen an ce shugabar ta jefa Littafi Mai Tsarki na fassarar Luther cikin wuta. A Wienhausen suka yi kunnen uwar shegu da mai wa'azi, suka ci gaba da addu'o'insu na Latin. A 1531 Ernst ya fusata, ya sa aka rushe wani ɓangare na gidan da yawancin ƙananan ɗakunan ibada, aka kwashe duwatsun. Shugabar gidan, Katharina Remstede, ta tsere zuwa Hildesheim ta zauna can na wasu shekaru.

Duk da haka bai rufe gidan ba, kuma dalilin ba tausayi ba ne. Matan 'ya'ya ne da 'yan'uwan manyan ƙasar da yake buƙatar goyon bayansu da harajinsu, su kuwa ba su shirya karɓar 'ya'yansu mata su dawo gida a sake raba gado ba. Sai aka bar wa lokaci aikin. Tsofaffin suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sababbin da ke shigowa kuma a gidajen Furotesta aka haife su. Sai a 1587 aka naɗa shugaba ta farko mai bin Luther, shekara 60 bayan umarnin basarake. Rigar zuhudu kuwa ba su tuɓe ta ba sai 1616.

Ɓangaren da aka rushe an sake gina shi wajen 1550 da katako da bulo, irin ginin gidajen gari. Shi ya sa mai kallon gidan daga waje ke ganin zamani biyu manne da juna. Kuma da yake sauyin a hankali ya zo, a hannun matan da suka girma da waɗannan kaya, ba a farfasa gumaka ko goge zane ba kamar yadda aka yi a wurare da yawa. An dai tura su gefe an rufe.

Abin da ke ƙarƙashin katako

A 1953 aka ɗaga katakon da ke shimfiɗe ƙarƙashin kujerun ɗakin ibada. A cikin ƙurar ƙarnoni aka tarar da kaya sama da 1,000.

Akwai 'yan littattafan addu'a da ba su fi tafin hannu ba, da ƙananan hotunan waliyyai, da carbi, da bajojin da masu ziyarar wurare masu tsarki ke dawowa da su. Akwai wuƙaƙe, da almakashi, da mazari, da allunan kakin zuma da ake rubutu a kai da tsinke a goge, da guntayen wasiƙu. Wasu sun sulale ne ta tsagar katako daga hannun mai gyangyaɗi a sujadar dare. Wasu kuma da alama da gangan aka cusa su, ko don a ɓoye, ko don abu mai tsarki ba a jefa shi a juji.

Abin da ya fi girgiza masana shi ne tabarau. A Italiya aka ƙirƙiro tabarau a ƙarshen ƙarni na 13, amma kafin wannan rana irin na farkon a zane kawai aka fi saninsa, kamar hoton da Tommaso da Modena ya yi a Treviso a 1352. Sai ga shi a zahiri, wasu cikakku da gilashinsu, wasu gutsattsari. Ƙirarsa mai sauƙi ce: gilasai biyu, kowanne cikin zoben katako siriri mai ɗan hannu, an haɗa hannayen biyu da ƙusa guda. Babu abin saƙalawa a kunne. Sai dai a buɗe shi kamar almakashi a ɗora a karan hanci, ko a riƙe da hannu. Ana lissafa su cikin tabarau mafi tsufa da suka rage a duniya.

Masanin tarihin fasaha Horst Appuhn ya yi nazarin kayan ya wallafa bayaninsu. Darasin da ke ciki a fili yake. Mace ba ta neman tabarau sai in tana karatu ko aikin allura, kuma ba ta son tsufa ya raba ta da su.

Maƙwabtansu na gidan zuhudun Ebstorf ba su yi irin wannan sa'a ba. A can aka gano wata taswirar duniya wajen 1830, an zana ta a kan fatun awaki 30 da aka ɗinke, tsawo da faɗi sama da mita uku da rabi, Ƙudus a tsakiya, Afirka a gefe guda. Aka ɗauke ta zuwa Hanoba don a adana ta da kyau. A 1943 bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka ƙone ta ƙurmus, sai kwafi ya rage. Abin da aka bari a hannun matan ƙauye shi ya tsira.

Wa ke biyan kuɗin rufi?

Wienhausen ɗaya ne daga gidaje shida irinsa a yankin Lüneburg. Sauran su ne Ebstorf, Isenhagen, Lüne, Medingen da Walsrode, kuma duka akwai mata a cikinsu har yau. Da yake sun riga sun zama na Furotesta, guguwar 1803 da ta kwashe ɗaruruwan gidajen zuhudun Katolika ta miƙa wa sarakuna ba ta share su ba.

Ta fuskar kuɗi, jingina suke da wata hukuma mai suna Klosterkammer da ke Hanoba, wadda aka kafa a 1818. Tushenta ya koma ga wata gimbiya, Elisabeth ta Calenberg, wadda a 1542 ta tsara cewa dukiyar gidajen zuhudun ƙasarta kada a zuba ta a baitulmalin sarki, a riƙe ta daban don coci da makarantu da taimakon mabuƙata. Wannan wakafi ya rayu. A yau hukumar na kula da gonaki da dazuzzuka masu faɗin hekta wajen 40,000, da dubban filaye da ta ba mutane haya na dogon zango suka gina gidaje a kai. Daga wannan kuɗi ake gyaran rufi da bango da dardumai.

Tsarin bai rasa masu suka ba. A garuruwa da dama masu gidaje a kan filayen hukumar sun yi ta kokawa idan wa'adi ya cika aka sabunta haya da tsada, suna cewa bai kamata talaka ya ɗauki nauyin tsoffin gine-gine ba. Hukumar kuma na cewa amana ce a hannunta, doka ba ta ba ta damar karya darajar wakafin ba.

Kurkuku ne ko makaranta?

An daɗe ana kallon irin waɗannan gidaje a matsayin wurin jibge 'ya'ya matan da aka rasa yadda za a yi da su. Akwai gaskiya a ciki, domin yarinya 'yar shekara shida ba a shawara da ita.

Sai dai binciken baya-bayan nan ya ƙara wani gefen. A gidan Lüne an samu kwafin wasiƙu kusan 1,800 da matan suka rubuta ko aka rubuto musu a ƙarni na 15 da na 16. Malamai biyu, Eva Schlotheuber ta jami'ar Düsseldorf da Henrike Lähnemann ta jami'ar Oxford, sun jagoranci nazarinsu. Wasiƙun sun nuna mata masu jayayya da malamai kan tauhidi, masu bin bashi, masu ba dangi shawara kan aure da rashin lafiya, masu aika kyauta da tsokana ga ƙawayensu a wasu gidajen. A duniyar da mace ba ta da zaɓi mai yawa, nan ne take iya zama shugaba, ma'aji, malama ko marubuciya.

Matan Wienhausen na yau sun bambanta da na da. Ba sa yin alwashin rai da rai, ba kulle, kowace da ɗakunanta da tukunyarta. Yawanci mata ne da suka gama aikin gwamnati ko na kamfani, wasu ba su taɓa aure ba, wasu mazansu sun rasu, wasu aure ya mutu. Sharaɗi shi ne mace ta kasance Furotesta, ba ta da miji, tana da abin riƙe kanta, kuma ta yarda ta shiga ibadar gida da aikin zagayawa da baƙi. Ba su da yawa, duka-duka ba su cika wuce goma sha ba, inda a da ake ƙirga su da dama.

Wasu masu tsattsauran ra'ayi na cewa wannan ba zuhudu ba ne, gidan tarihi ne da masu gadi ke kwana a ciki. Masu kare tsarin na cewa a ƙasar da tsofaffi da yawa ke zaune su kaɗai a ɗaki, gidan da ke ba mace abokan zama da aikin yi da lokacin ibada ya fi ƙarfin a kira shi kayan kallo. Har wasu gidajen Katolika da ke fuskantar rufewa sun fara tunanin buɗe ƙofa ga mutanen da ba su yi alwashi ba.

Tarihin Wienhausen ya nuna cewa abu biyu suka riƙe shi: dukiyar da aka hana sarakuna cinyewa, da matan da suka yarda a sauya musu ƙa'ida da riga har da aƙida amma suka ƙi barin ɗakunansu. Na farkon yana nan daram. Na biyun ne abin dubawa, domin yawan Furotesta ma raguwa yake yi a Jamus, kuma kowane ɗaki da ya zama kango sai an samu wadda za ta nemi shigarsa. Gidan na karɓar baƙi daga bazara zuwa kaka, kuma a shekarar 2033 takardar Bishop Konrad za ta cika shekara 800 cif.